Kasuwar Dinya da Babu Dinya

Cikin watan Nuwamba na 2019 muka sauka a birnin Nottingham da ke tsakiyar Ingila, ni da maiɗakina da 'ya'yanmu uku, domin karatuna na digiri na uku. Ko kayanmu ba mu gama kwancewa ba, wata dattijuwar Baturiya da gidanta ke jikin namu ta tare ni a bakin ƙofa tana yi mana jaje, wai mun makara da wata guda, an riga an tashi daga Goose Fair. Da ta lura ban gane girman asarar da na yi ba, sai ta rarrashe ni da cewa akwai baɗi. Baɗin ta zo da annobar korona. Aka soke bikin a 2020, aka sake soke shi a 2021. Sai a farkon Oktoban 2022, saura 'yan watanni mu tattara mu dawo gida, Allah Ya nufa muka sa ƙafa a wurin.

Ma'anar sunan ita ce Kasuwar Dinya. Dinya nake nufi, tsuntsuwar nan mai dogon wuya, 'yar uwar agwagwa, ba ɗinyar da muke tsinka a jeji muna baƙanta haƙora da ita ba. Tun a 1284 Sarki Edward na Ɗaya ya ambaci kasuwar shekara-shekara ta Nottingham a wata takardar izini da ya ba garin, sunan dinya kuwa ya bayyana a littattafan hukumar garin a 1541. Domin mai karatu ya auna nisan zamanin, a 1284 Wangarawa ba su iso Kano ba tukuna, sai a zamanin Sarki Yaji, fiye da shekara sittin bayan haka. Kasuwar Kurmi kuwa sai da ta jira Muhammadu Rumfa, wanda ya hau gado a 1463.

A wancan zamani makiyaya ne ke koro dubban dinya daga fadamun Lincolnshire, a ƙasa, tafiyar kwanaki, domin a sayar wa masu shirin wani bikin Kirista na ƙarshen Satumba wanda al'adarsa ce a ci gasasshiyar dinya. Ana cewa kafin a kama hanya sai a bi da su ta cikin kwalta da yashi, abin ya daskare a tafin ƙafarsu ya zame musu takalmi. Ranar da na karanta wannan sai fataken shanunmu suka faɗo mini a rai, waɗanda ke kora garke daga Arewa har bakin teku kafin jirgin ƙasa da manyan motoci su karɓe aikin. Kuma kasuwar ba dinya kaɗai take ci ba. Ta yi suna wajen cuku, irin nasu mai curi kamar ƙafar amalanke. A 1766 farashinsa ya yi tashin da talakawan gari suka kasa jurewa, suka far wa rumfuna, suka riƙa gangaro da curin cuku a kan titi, har wani ya kwashe ƙafafun Magajin Gari ya kai shi ƙasa. Mutanen Nottingham suna ba da wannan labari suna dariya. Wanda ya taɓa tsayawa wajen 'yan awo ranar da tiyar gero ta tashi ya san ba dariya aka yi a ranar ba.

Da a dandalin tsakiyar gari ake yin ta. A 1928 aka mayar da ita wani makeken fili da ake kira Forest, kuma can take har yau. In ban da annobar 1646 da yaƙe-yaƙen duniya biyu da kuma korona, ba a san ta da fashi ba. Wataƙila don huce haushin shekara biyun da aka rasa ne aka yi kwana goma ana shagali a shekarar da muka je.

Mun fita da yamma. Muka tsaya a unguwar Hyson Green, inda Musulmi ke da yawa, muka yi Magariba a wani masallaci, sa'an nan muka bi ayarin jama'a da ƙafa. Tun daga nesa ake hango hasken ya haske sararin sama, kai ka ce gobara ce ta tashi a bayan gari. Da muka kutsa ciki sai ƙara ta rufe mu: kiɗa daga kowace kusurwa, kukan injina, da ihun mutanen da suka biya kuɗinsu aka ɗaure su a kujera ana wulwula su a sama. Akwai lilo iri-iri, akwai majaujawa, akwai 'yan motocin da aikinsu kawai su yi karo da juna, akwai gidan fatalwa na ƙarya. Iska kuwa ta cika da ƙamshin soyayyar albasa da ƙonannen sukari. Ga sanyi ya fara cizo, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi, amma ba mai niyyar komawa gida.

Abincin gado na wannan wuri wani faten koren wake ne da ake zuba masa ruwan na'a-na'a mai tsami, a miƙo maka a ɗan kofi da cokali. Na ci don kada a ce na zo ban ci ba. Maiɗakina ta ɗanɗana sau ɗaya ta miƙo mini nata, ta ce ko gishiri ba su iya sawa ba. Yara suka samu alewar auduga da wata alewa mai siffar zakara a jikin tsinke, bayan mahaifiyarsu ta tsare mai sayarwa da tambayoyi kan abin da aka haɗa ta da shi. Ita ce kuma ta hana mu tsayawa a rumfunan jifa, inda ake biyan kuɗi a jefi gwangwani ko a ƙugiyo 'yar agwagwar roba daga ruwa don a ci 'yar tsana. Ta ce, "Malam, wannan ai caca ce aka yi wa kwalliya." Ban yi musu ba.

Yara suka matsa sai na hau babban lilon nan mai kama da ƙafar keke. Ni da na yi ƙuruciyata a kan tsamiya da kanya, sai ga ni na riƙe ƙarfe da hannu biyu ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, autanmu yana yi mini dariya. Daga can sama na ga abin da ba a gani daga ƙasa. A bayan fitilun, a gefen fili, manyan motoci ne da gidajen tafi-da-gidanka jere reras. Masu wasan ke nan da iyalansu. Da muka sauko na ja hira da wani dattijo mai lilon ƙananan yara, ya ce a wannan gurbin mahaifinsa ya tsaya, a nan kakansa ya tsaya, kuma da an tashi za su kwance komai su nufi birnin Hull inda wata kasuwar ke jiransu. Suna da ƙungiyarsu tun 1889, ita ke kare wa kowa gurbinsa. Sana'ar gado ce, kamar ƙira ko wanzanci ko fawa a wurinmu, har da auratayya a tsakaninsu.

Muna cikin haka babbar 'yata, lokacin tana da shekara goma sha ɗaya, ta ja ni ta hannun riga ta ce, "Abba, to ina dinyar?"

Muka zagaya filin nan kaf. Ba dinya, ba kaza, ba ko ƙwai. Abin da ya yi kama da ita shi ne wani ƙaton mutum-mutumin dinya da ake girkewa a shataletalen da ke kusa da filin duk lokacin bikin, sai kuma agwagin robar da aka hana mu kamawa. Ciniki ya daɗe da barin wurin. Jirgin ƙasa da kantuna da na'urar sanyaya abinci sun sa ba wanda ke buƙatar jiran Oktoba kafin ya sayi nama ko cuku. Suna ya rage, da lokaci, da wasa.

A nan ne girman kai ya ɗebe ni. Na yi dariya na ce mata ai wannan kasuwar hoto ce. Na ce in kasuwa take so ta gani, sai a gida: kara cike da shanu da tumaki, buhunan riɗi da gero kamar tsauni, kaji da zabi a cikin akurki, komai na gaske.

Ta ce, "Wace kasuwa?"

Na ce kasuwar Sara mana.

Ta dube ni ta ce, "Ba ka taɓa kai mu ba."

Gaskiya ta faɗa. Ni mutumin Dingaya ne, a ƙasar Gwaram ta kudancin Jihar Jigawa, can aka yanke cibiyata. Amma 'ya'yana a birni aka haife su, kuma abin da suka sani na garinmu shi ne kwana biyu na Sallah ko yinin ta'aziyya, daga mota zuwa cikin gida, daga cikin gida zuwa mota. In na so in faranta musu rai a Najeriya, babban kantin zamani na Kano nake kai su su hau matakala mai tafiya da kanta. Ban taɓa tunanin kasuwar ƙauye wurin kai yaro ba ce, alhali kuwa ni a can aka kai ni na fara ganin duniya.

Ina ɗan shekara takwas ko tara mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya fara ɗora ni a motar kasuwa. Na tuna yadda ya damƙa mini sule biyu ya ce in riƙe da kyau, ya nufi kara da ɗan maraƙinsa, inda dillalai ke cusa hannu cikin hannun riga ana ciniki a ɓoye, a ƙarshe a ce "Allah Ya sa albarka," a ware la'ada. Ni kuwa na bi ƙarar ganga. A gefen kasuwa gardawa sun kafa da'ira da kura a ɗaure da sarƙa, da biri sanye da 'yar riga, ana sayar da maganin maciji da na kunama. Gaba kaɗan mai maganin ƙarfe yana goga wuƙa a cikinsa. 'Yan gambara suna bin rumfuna suna zage-zagen da manya ke yi kamar ba su ji ba. In kaka ta yi, samarin Fulani su fito sharo da madubi a hannu, 'yan matansu sun ci ado sun jeru, da la'asar kuma a buɗe fagen dambe ko kokawa. Sule biyun nan ta saya mini rake da kantun riɗi, har na rage canji. Ban hau lilo ba, amma na koma gida da labarin da na yi mako ina ba ƙannena. Mahaifina kuma yakan ba mu labarin nunin amfanin gona na zamanin En'e, inda ake jera dammunan gero da bijimai, hakimi ya zagaya, a ba wanda ya fi kyauta. Ke nan abin da Turawan nan suka ware suka mai da shi biki, mu a haɗe muke da shi, ciniki da wasa a fili guda.

Muna cikin jirgin ƙasa na cikin gari za mu koma gida, yara sun yi barci a jikinmu, na buɗe waya na tarar da saƙon murya daga ƙanena. Wannan ita ce shekarar da ambaliya ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna, aka rasa rayuka da gidaje da gonaki. Tun a Satumba ya shaida mini ruwa ya kwanta a kan shinkafarsa. Yanzu kuwa cewa yake ya kai tumaki biyu kasuwa domin ya auno hatsi, ya tarar kowa abin da ya kawo shi ke nan, dabba ta yi yawa, masu saye sun yi kaɗan, ya sayar a yadda aka taya. "Yaya, ba don in tayar maka da hankali ba ne, don dai ka sani." Na yi lissafin abin da na kashe a daren nan, wajen fam sittin, a lokacin da fam ɗaya ke kusan naira 800 a kasuwar bayan fage. Kuɗin ya kusa kai abin da aka ba shi a kan tunkiya guda.

Wannan saƙo ya sauke mini girman kan da na hau da shi ɗazu. Na yi wa kasuwarsu dariya don ba dinya, amma rashin dinyar alama ce ta cewa ba wanda abincin gidansa ya rataya a kan abin da zai faru a filin nan. Tamu kuwa cike take da dabbobi, wani lokaci saboda albarka, wani lokaci saboda an rasa yadda za a yi. Mutumin da ke zaune a Turai yana yabon kasuwar ƙauyensu da cewa ta gaske ce, ya kamata ya tuna cewa gaskiyar nan wani take ci. Ba kuma ina fatan ranar da Sara za ta koma filin lilo ba ne. Kasuwar da manomi ke haɗuwa da mai saye ido da ido, ya ji farashin Maigatari da na Wudil daga bakin direbobi, ya ga surukinsa, ya aika saƙo ƙauyen da ba ya iya zuwa, ba abin raini ba ce, kuma kantin zamani ba zai maye gurbinta ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rabin da muke zubarwa. Su ciniki ya tafi, suka riƙe wasan da hannu biyu, har Magajin Gari ne ke zuwa da kansa ya kaɗa ƙararrawa a buɗe. Mu ciniki na nan, wasan ne ke zarewa a hankali ba tare da an yi shawara ba. Dalilan suna da yawa, kuma ba duka ne na banza ba. Wa'azi ya kori abubuwan da suka cancanci kora, don a cikin wasannin da akwai tsafi da batsa da shaye-shaye. Sharo ya sha barin samari da rauni, wani lokaci da gaba. Kurar gardi ba jin daɗin sarƙar take yi ba. Rashin tsaro ya sa jama'a na tsoron taro da baƙon fuska, waya kuma ta kawo wa kowane yaro nasa dandalin a tafin hannu. Amma tsakanin gyara abu da barinsa ya mutu akwai tazara. Kokawa ba ta saɓa wa komai ba, haka langa, haka gasar noma da ta kiwo, haka tseren jakuna. Kuma mu 'yan boko muna da namu kason na laifi, domin mu ne muka fara ɗauke ƙafa, muka koya wa 'ya'yanmu cewa nishaɗi abu ne da ake biya a ƙofa a shiga.

Akwai kuma batun rubutu, wanda ya fi shafar irina. A Jami'ar Sheffield, tafiyar sa'a guda daga Nottingham, akwai ma'adana sukutum da aka kafa a 1994 domin tarihin irin waɗannan bukukuwa kaɗai: hotuna, takardun talla, wasiƙu, da muryoyin tsofaffin masu wasa. Wadda ta assasa ta, Farfesa Vanessa Toulmin, 'yar gidan masu lilo ce, ba ta kuma ji kunyar mai da sana'ar iyayenta abin nazari ba. Mu kuwa idan ana son a san yadda kasuwar Kano take a ƙarni na 19, sai a koma ga Clapperton da ya zo a 1824, wanda har laimar Ingila ya tarar ana sayarwa ya saya, ko Barth da ya zo a 1851. Manyanmu irin su marigayi Farfesa Mahdi Adamu sun yi aiki mai nauyi kan fataucin Hausawa, ba a musun wannan. Amma kasuwannin ƙauye, waɗanda su ne ke ciyar da birane, tarihinsu yana cikin kawunan tsofaffin dillalai da sarakunan kasuwa da 'yan koli, kuma kowace damina ana binne wasu daga cikinsu. Yanzu Jigawa tana da jami'a a Dutse, tana da wata a Kafin Hausa. Kowace shekara muna ba ɗalibai batutuwan bincike da suke kwafowa daga intanet, mu sa hannu, a jibge a kabad. Ni kaina na yi haka. Da ɗalibi ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma zai ɗauki wayarsa ya zauna da dattawan kasuwar garinsu yini uku, da abin da za a tara cikin shekara biyar ya fi ƙarfin ɗaki guda.

Mun dawo gida a 2023, daidai lokacin da cire tallafin man fetur ya sa kowace tafiya sai an yi mata lissafi. Duk da haka da kaka ta yi, aka ba da hutun makaranta, na cika mota muka kama hanya: Wudil, sa'an nan Birnin Kudu. A can na tsaya da su a Dutsen Habude suka ga zanen shanun da mutanen da suka yi a jikin dutse, wanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansa a shekarun 1950, tare da duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa in an buga su. Sau nawa na wuce ta garin nan ban taɓa tsayawa ba sai ranar. Muka kwana a Dingaya, ranar kasuwa muka yi sammako tare da ƙanena.

Ba gardawa, ba 'yan gambara. Mai magani yana nan, amma da lasifika a kan mota. Inda nake tsammanin fagen dambe yake, rumfunan cajin waya ne da masu cire kuɗi da na'ura. Kara kuwa tana nan yadda na san ta, da ƙura da kuka da warinta, riɗi ya shigo, manyan motoci sun yi layi. Autanmu ya toshe hanci na minti biyar, daga nan ya manta, ya bi wani ɗan Fulani yana roƙon a bar shi ya riƙe igiyar maraƙi. Na tsakiyan ya gano mai rake. Maiɗakina ta ɓace wajen masu tukwane da 'yan daddawa, ba mu sake ganinta ba sai Azahar.

Babbar kuwa ta zo da littafi da biro, ba ni na sa ta ba. Ƙanena ya kai ta wurin wani tsohon dillali da ya san mahaifinmu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, yaushe aka fara cin kasuwar nan?" Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "'Yar nan, ni dai na tarar da ita tana ci, ubana ma haka ya ce ya tarar da ita. Amma zauna, akwai abin da na gani da idona." Ya sa aka kawo mata buhu ta zauna a kai. Na bar su ya fara daga shekarar da fari ya sa aka sayar da saniya a kuɗin akuya.

Can da la'asar muna shirin tafiya sai na ji ta ƙwala mini kira daga layin masu kaji. Ta tsaya a kan wani kwando tana nuna mini da biro. "Abba, ga dinya!"

Mai kwandon ya yi dariya ya ce, "A'a, 'yan mata, waɗannan agwagi ne. Dinya ai ba ta zuwa kasuwa. In ita kike so ki gani, sai babanki ya kai ki Baturiya, can ƙasar Haɗeja, lokacin da ruwa bai janye ba."

Ta rubuta sunan garin a bayan littafinta, ta tambaye ni ko yana da nisa.